Wa ke ɗaukar kayan rago? Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga fastoci da dattawan ikkilisiyoyinmu

Zuwa ga iyayenmu fastoci da dattawa, da uwayenmu shugabannin Zumuntar Mata, da 'ya'yanmu masu jagorancin matasa, a dukan ikkilisiyoyin da ake sujada da Hausa.

Ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Sannunku da hidima, Allah ya ƙara ƙarfi.

Ni tsohon malamin firamare ne. Shekara 31 na yi ina riƙe da alli, na kuma yi shekara 8 ina magatakardan ikkilisiyarmu. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau, wata uwa ce a unguwarmu, wadda ba zan faɗi sunanta ba. Kusan kowannenku yana da irinta a cikin garkensa.

Ta haura shekara 60. Kullum ƙarfe 4 na asuba take tashi, ta wanke waken da ta jiƙa tun dare, ta ɗora roba a ka ta nufi injin markaɗe. Kafin ƙarfe 6 ta hura wuta a bakin titi, kasko ya hau murhu. Da damina itacen ɗanye ne, ba ya ci sai hayaƙi. Na sha tsayawa sayen ƙosai in tarar idanunta sun kaɗa sun yi ja, hawaye na zuba, tana sharewa da bakin zane da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana tsame ƙosai. Bayan hannunta duk tabon mai ne. Tana da 'ya'ya maza biyu a gida, ɗaya 29 ɗaya 33, lafiyayyu, ba mai ciwon ko yatsa. Suna barci har hantsi ya dubi ludayi. In sun tashi su ci abin da ya rage a tire, su karɓi na data, su wuce majalisa gindin dalbejiya, ana latsa waya ana cacar ƙwallo har la'asar. Ran Lahadi kuwa ɗaya shi ke kaɗa ganga a ƙungiyar mawaƙa, ɗayan in ya kama addu'a sai ka ji majami'a ta amsa amin da ƙarfi.

Wata safiya na ce mata, "Mama, me zai hana ki tashi ɗaya daga cikinsu ya kai miki markaɗen nan?" Ta yi shiru tana juya ƙosai, can ta ce, "Malam, in na tashe su rai ne zai ɓaci. Gara in je da ƙafata. Kai dai ka sa su a addu'a."

Na koma gida na buɗe Karin Magana 10:26, inda aka kwatanta rago da abu mai tsami a haƙora da hayaƙi a ido ga wanda ya aike shi. Na karanta ayar nan ba adadi a rayuwata, amma ran nan na fara ganinta da idona. Hayaƙin a idon uwar yake. Ragon yana ɗaki, idonsa lafiya lau.

Maganar da nake so ku ji ke nan, iyayena. Aikin da rago ya bari ba ya ɓacewa. Ruwan da bai ɗebo ba, wani zai ɗebo. Kuɗin makarantar da bai nema ba, wani zai ci bashi ya biya. Kuma wanda kayan ke faɗa wa, kusan kullum wanda ya fi shi rauni ne, wanda ba zai iya cewa a'a ba: uwa, mata, ƙanwa da aka cire daga makaranta don ta yi talla, tsohon da ya kamata a ce yana hutawa amma yana duƙe da fartanya. Mu kuwa mun ɗauki lalaci kamar wani ɗan hali ne kawai, mu ce wane akwai son jiki, mu yi dariya mu wuce.

A shekara 8 da na yi ina rubuta abin da aka tattauna a zaman dattawa, na rubuta sunayen waɗanda aka sa ƙarƙashin horo saboda fasikanci, da shaye-shaye, da taɓa kuɗin baiko. Ban taɓa rubuta sunan mutum ɗaya da aka kira don ya bar iyalinsa da yunwa alhali yana da lafiya da gona ba. Ko sau ɗaya. Ga shi kuwa 1 Timoti 5:8 ta ce wanda bai kula da danginsa ba, musamman mutanen gidansa, ya musunci bangaskiya, ya ma fi marar bi muni. Karin Magana 18:9 ta ce mai sakaci da aikinsa ɗan'uwan mai ɓarna ne. Mai ɓarna yakan zo da adda da wuta, kowa ya gan shi ya yi ihu. Rago ba ya ɗaga hannu, amma in ka dawo bayan shekara biyu ka dubi gidan da ɗayan ya rushe da gidan da ɗayan ya bari ya zube, da wuya ka bambanta. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Ba za mu ce ayoyin nan ba su iso mu ba.

Ku manoma ne ko 'ya'yan manoma, don haka bari in kawo misalin da duk muka sani. Wuta-wuta. Ciyawar nan mai kyakkyawan fure da ke manne wa saiwar dawa da gero da masara tana tsotse su tun suna ƙarƙashin ƙasa, kafin ma a ga kanta. Tushe ɗaya yana zubar da dubban iri, ƙanana kamar ƙura, kuma irin yana iya kwana cikin ƙasa shekara 10 ko fiye yana jiran hatsi. Manomin kirki yana bin gonarsa yana tuge ta kafin ta yi iri, ya tara ya ƙone. To, a ce maƙwabcinsa na iyaka ya yi noman fari da ƙyar, maimai kuwa ya ce sai gobe, gobe ta zama jibi, har wuta-wuta ta yi fure ta bushe a gonarsa. Iska ba ta san iyaka ba. Ruwan sama bai san iyaka ba, haka kofaton shanu da bakin garma. Baɗi mai ƙwazon nan zai ga dawarsa ta tsaya ta yi ja, bai san laifin da ya yi ba. Wanda ya rubuta Karin Magana 24:30-34 ya wuce ta gonar rago ya ga ƙaya ta rufe ta, katangar dutse ta zube, ya ce ɗan barci kaɗan, ɗan gyangyaɗi kaɗan, sai talauci ya auko kamar ɗan fashi. Ni abin da nake ƙarawa daga abin da na gani a ƙauyenmu shi ne, ɗan fashin nan in ya shigo ba gida ɗaya yake tsayawa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda lalaci ya koyi yaren ikkilisiya. Ka tambayi saurayi me yake yi, ya ce, "Baba, ina jiran lokacin Ubangiji." Ka tambayi magidanci don me bai share gona ba ga gajimare ya fara haɗuwa, ya ce yana azumin kwana 21, Allah zai buɗe hanya. Ina girmama azumi da addu'a, da su na rayu har yau. Amma akwai jiran Ubangiji, akwai kuma zaman kashe wando da aka sa wa rigar Lahadi. Wannan cuta ba sabuwa ba ce. A ikkilisiyar Tasalonika an sami waɗanda suka ajiye aiki suna ci daga hannun 'yan'uwa, suna shisshigi cikin abin da ba ruwansu. Manzo Bulus bai yaba musu da ruhaniya ba. A 2 Tasalonikawa 3 ya tuna musu cewa shi da abokan hidimarsa ba su ci abincin kowa a banza ba, dare da rana suka yi aiki don kada su nauyaya wa kowa, ya kuma maimaita umarnin da ya ba su tun yana tare da su, cewa wanda ya ƙi aiki kada ya ci. Mutumin da ya faɗi haka, shi ne wanda ya zauna a Koranti tare da Akila da Biriskilla suna ɗinkin tanti. Ubangijinmu kansa, mutanen garinsu da sana'arsa suka san shi, suka ce ashe wannan ba masassaƙin nan ba ne. Kuma tun kafin zunubi ya shigo duniya Allah ya sa Adamu a gonar Adnin ya nome ta ya kiyaye ta. Aiki ba la'ana ba ne. Wahalarsa ce ta zo daga baya.

A nan dole mu ma mu dubi kanmu. Wani lokaci mu ne muke shimfiɗa wa rago tabarma. Taron safe ran Talata, taron safe ran Alhamis, addu'ar dare ran Juma'a har asuba, a tsakiyar damina, lokacin da kwana uku na jinkiri ke raba mai rumbu da mai awo. Wanda ya halarci duka mu ce mai himma ne, mu ba shi muƙami. Wanda ya makara don yana gona ko yana gareji mu ce ya yi sanyi a ruhu. Matar da ke biyan kuɗin wannan himma da guminta, ba wanda ya tambaye ta.

Kada a fahimce ni a baibai. Ayar nan ta Bulus ba ta ce wanda bai sami aiki ba kada ya ci. Ta ce wanda ya ƙi. Tsakanin biyun nan akwai rata mai faɗi, kuma zunubi ne babba a haɗa su. Muna da 'yan'uwa daga Gwoza da Chibok, daga kudancin Kaduna da Filato, manoma na gaske waɗanda da rumbunansu ke ciyar da baƙo, yau bindiga ta raba su da gonakinsu, suna zaune a garin da ba nasu ba suna kallon damina tana wucewa. Zaman nan cin rai yake musu. Muna da yaran da suka gama karatu suka yi bautar ƙasa, takalmansu sun cinye wajen yawon neman aiki. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, jarin masu ƙananan sana'o'i da yawa ya narke a hannunsu. Akwai kuma wanda ciwon damuwa ya kwantar, a ido kamar ƙyuya, alhali jinya yake bukata. Akwai mai sikila, akwai wanda jikinsa ya gaji don tsufa. In mai wa'azi ya hau mumbari ya yi wa waɗannan duka bulala ɗaya, ya ƙara wa mai kaya kaya ne. Hutu ma Allah ne ya kafa shi. Saboda haka aikin nan ba a yinsa daga nesa. Sai makiyayin da ya shiga gidaje, ya san wa ke nema bai samu ba, wa kuma aka kawo wa aiki har ƙofa ya ce ya fi ƙarfinsa.

To, iyayena, ku yi mini haƙuri, zan taɓa ku kaɗan, ni ma ina ciki. Lalaci ba a gindin dalbejiya kaɗai yake zama ba. Yana zama a ofishin fasto, yana zama a kujerar dattijo. Wa'azin da ba a zauna an shirya ba, aka tashi ran Lahadi da safe aka buɗe inda ya buɗu, aka cika sauran da ɗaga murya, jama'a 300 ne suka koma gida da yunwa. Majinyacin da aka ce za a je a gaishe shi, sai aka ji sanarwar jana'izarsa. Littafin kuɗin da ba a rubuta a kan kari ba, har zargi ya shiga tsakanin mutanen da suka yi shekara 20 suna cin Jibin Ubangiji tare. Rufin da ke yoyo, aka yi ta cewa sai kwamiti ya zauna, har katako ya ruɓe, gyaran kwano biyu ya zama sabon rufi. Mai Wa'azi 10:18 ya faɗi wannan tun tuni. A Ezekiyel 34, ƙarar da Allah ya kai makiyayan Isra'ila yawancinta a kan abin da ba su yi ba ne: ba su ƙarfafa raunana ba, ba su ɗaure wa karyayyu ba, ba su nemo ɓatattu ba. Ku tuna kuma yadda 2 Sama'ila 11 ta fara. Lokacin da sarakuna ke fita yaƙi ne, Dawuda ya aiki Yowab, shi ya zauna a Urushalima, ya tashi daga gado da yamma yana yawo a kan soro. Daga wannan zaman aka kai ga Batsheba, aka kai ga gawar Uriya da ta sojojin da suka faɗi tare da shi a gindin garun Rabba, mutanen da ba su san hawa ba ba su san sauka ba.

Ba zan faɗi wannan duka in ɓoye nawa ba. Lokacin ina magatakarda, wata gwauruwa ta tare ni bayan sujada da takardu a cikin leda. 'Yarta ta sami damar shiga makarantar koyon aikin jinya, ana bukatar wasiƙar shaida daga ikkilisiya, kuma akwai ranar rufewa. Ta ce, "Malam, don Allah, kai ne uban yarinyar nan yanzu." Na ce, "Mama, kada ki damu, an gama." Na sa ledar a cikin jakar Littafina. Aikin bai fi na rabin sa'a ba: in rubuta, in kai wa Baba Fasto ya sa hannu, a buga hatimi. Litinin na ce na gaji. Talata na ce ai akwai sauran lokaci. Ba wani uzuri da ya tare ni, ba ciwo, ba tafiya. Ranar da na buɗe jakar na ga ledar, kwana biyu ke nan da rufewa. Yarinyar ta rasa shekara guda cur, ta yi ta tana taya uwarta sayar da itace. Da na je ba da haƙuri, uwar ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, ta ce, "Ba komai Malam, haka Allah ya so." Na san ba haka Allah ya so ba. Haka na yi. Yakubu 4:17 ta ce wanda ya san abin da ya kamata ya yi bai yi ba, zunubi ne a gare shi. Na tuba a gaban Allah, na tuba a gabanta, na gaskata an gafarta mini. Shekarar yarinyar dai ba ta dawo ba. Kuma duk wanda ya san ni a lokacin zai ce maka ni mutum ne mai ƙwazo, ba na fashin makaranta, ba na fashin sujada. Ashe mutum na iya zama mai kai da kawo daga safe har dare, ya kuma zama rago a daidai wurin da wani ya jingina da shi.

Iyayenmu da suka karɓi bishara a ƙasar nan ba haka suka bar mana ba. Masu bishara na farko suna noma abincinsu da hannunsu, su taka ƙafa ko su hau keke zuwa ƙauyuka. Majami'u da ajujuwa da gayya aka gina su, maza na buga tubali, mata na ɗebo ruwa. Asibitin Vom, da na Garkida, da na Galmi a Nijar wanda aka buɗe a 1950, sun tsaya ne da gumin mutanen da suka ɗauki wanke gyambon baƙo a matsayin sujada. A shekarun 1980 a yankin Maraɗi, wani ma'aikacin mishan ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan da ake sarewa kowace shekara wajen sharar gona saiwarsu na da rai. Manoma, yawancinsu maƙwabtanmu Musulmi, suka riƙa barin 'yan rassa masu ƙarfi suna datse sauran, har miliyoyin itatuwa suka dawo a gonakin da hamada ta fara ci. Ba injin da aka kawo, wuƙa ce da naciya. Nakan tuna wannan duk lokacin da yaro ya ce mini babu abin yi sai an ba shi jari.

Ga roƙona. Ku yi wa'azi a kan lalaci, amma kada ku tsaya a kan cewa rago zai talauce, don wannan ba ya tsorata wanda uwarsa ke ciyar da shi. Ku nuna masa wanda ke ɗauke da kayansa, ku kira abin da sunansa: rashin ƙauna ne ga maƙwabci, kuma maƙwabcin farko yana cikin gida. Ku koya wa matasa Afisawa 4:28, inda aka ce mutum ya yi aiki da hannunsa domin ya sami abin da zai ba mai bukata. Kafin a ba saurayi ganga ko makirfo ko shugabancin ƙungiya, dattijo ɗaya da uwa ɗaya daga Zumuntar Mata su je gidansu su tambayi mahaifiyarsa ko matarsa yadda yake daga Litinin zuwa Asabar. A kowace ikkilisiya akwai kafinta, akwai tela, akwai makaniki, mai walda, birkila, mai kiwon kaji. Ku zaunar da su, kowa ya ɗauki yaro ɗaya ko biyu, ikkilisiya ta riƙa bin sawu, kamar yadda take bin sawun 'yan ajin baftisma. Da damina a ɗage tarurrukan safe zuwa yamma. Asusun taimako kuwa a buɗe shi sosai ga gwauraye da marayu da waɗanda aka kora daga gonakinsu, mai lafiyar da ya zo a haɗa masa taimakon da aiki. In za ku tsawata, ku yi yadda Bulus ya ce a ƙarshen 2 Tasalonikawa 3, kada a ɗauke shi maƙiyi, a gargaɗe shi kamar ɗan'uwa. Yaran nan biyu da na ambata, ni na koya musu karatu a aji uku. Ina ƙaunarsu, kuma na san ba haka aka haife su ba. Mu muka gani muka yi shiru tun suna ɗanyu.

Na riga na je na same su da kaina makon jiya, a majalisarsu. Babban ya sunkuyar da kai bai ce komai ba, ƙaramin ya ce, "Baba, za mu gyara." Jiya da asuba na leƙa, uwar ce dai ɗauke da robar markaɗe. Muryata ni kaɗai ba ta isa ba. Ina roƙon a karanta wasiƙar nan a zaman dattawa mai zuwa, kuma kafin ranar, Baba Fasto, ka zo mu koma gidan tare.

Naku cikin Almasihu,
Tsohon malamin makaranta, tsohon magatakardan ikkilisiya.